Zauren Ƴan Ƙwallon Maraɗi: a sallami koci, ko a rushe biro (kwamitin shugabannin ƙungiya)?

Lawali Zariya: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Yau ko admin zai fitar da ni sai na faɗi abin da ke raina. Jiya tun bayan azahar na rufe shago, na biya kuɗin ƙofa, na zauna cikin ƙurar hunturun nan har makoshina ya bushe, don kawai in ga an zura mana 2 babu ko ɗaya. A gida fa! Wasa na 5 ke nan a jere ba mu ga nasara ba. Duka ƙwallayen biyu daga kwana suka shiga, kamar dai na makon jiya. Mutum yana tsaye ya harɗe hannuwa a ƙirji, bai yi canji ba sai minti na 80, lokacin da rabin sitad ya riga ya watse. Jama'a, wannan kocin ya ƙare. A sallame shi tun kafin ya kai mu rukuni na ƙasa.

Sanusi Kabu-kabu: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa ka riga ni. Fasinja uku na ɗauko daga ƙofar sitad jiya, duk ukun zaginsa suke yi tun daga can har Ali Ɗan Tsoho. Ɗaya ma don takaici ya manta canjinsa.

Admin: Ku yi muhawara yadda kuke so, amma dokar zaure tana nan: ba zagi, ba kiran sunan kowa, ba sa hoton gidan mutum ko motarsa. Sanusi, ka mayar wa bawan Allah canjinsa.

Baba Gola: Lawali ɗana, sannu da ƙoƙari. Ina son ka amsa mani tambaya guda: yaushe rabonka da zuwa hilin atisaye? Ba ranar wasa ba, ranar Talata da sahe nake nuhi. Ni na je wancan mako. Na ƙirga ƙwallaye 4, biyu suna sace iska, sai an buga minti goma a tsaya a hura. Ƴan wasa 14 suka zo cikin 25. Da na tambayi ina sauran, aka ce wani ya tahi kasuwa taya wansa sauke buhunan masara, wani yana bisa babur yana neman na cefane. Ruwan leda da suka sha, da idona na ga kocin ya sa hannu aljihu ya ba yaro dala ɗari ya sayo. To da mutum 14 da ƙwallo biyu masu lahiya za a koya tsaron kwana? An bar jaki hwa ana dukan taiki.

Lawali Zariya: Baba, girmanka ne, ba zan yi gardama da kai a kan abin da ka gani ba. Amma yunwa ba ita ke sa a ɗauki ɗan baya a kai shi lamba tara ba. Yaron nan mai ƙafar hagu da kowa ya gani a gasar unguwanni ta hutun damina, wanda ya rikita Bagalam da Mokoyo, yana benci tun farkon kaka. Wanda ake sa wa a madadinsa kuwa ko gudun minti 20 ba ya iyawa. Wannan ma laifin ƙwallo mai sacewa ne?

Mushe Iliya: Barkanmu da war haka. Lawali, ka bar ni in tuna maka wani abu da ya faru da Mena, ƙungiyar ƙasarmu Nijar, tunda yawancinmu mun gani. Haruna Dula ne ya kai ƙasar nan Kofin Afirka karo na farko, na 2012 da aka yi a Gabon da Ikwatoriyal Gini. Rukuninmu akwai Masar mai riƙe da kofi, akwai Afirka ta Kudu, akwai Saliyo. Muka cinye wasanninmu uku na gida a Yamai, har da ƙwallon nan da Musa Ma'azu ya ci Masar. Muka yi maki 9 daidai da Afirka ta Kudu da Saliyo, aka duba karawar tsakani muka wuce, su kuwa ƴan Afirka ta Kudu suna ta rawa a fili suna zaton su ne suka tsallake. Hukumar ƙwallon Afirka, CAF, ta ba Dula kocin shekara na 2011. To me ya biyo baya? Gabon ta ci mu 2 da 0 a wasan farko, nan take aka tura shi gefe, ragama ta koma hannun Bafaranshe Rolland Courbis da aka kawo a matsayin mai ba da shawara. Tunisiya ta ci mu 2 da 1, Maroko ta ci mu 1 da 0, muka dawo gida babu maki ko ɗaya. Canjin bai sauya komai ba, don ciwon ba a benci yake ba. Kuma mutumin nan da aka ture, shi ne ya kai mu kusa da ƙarshe a gasar CHAN ta ƴan wasan cikin gida a Aljeriya farkon 2023, bayan mun doke Gana 2 da 0.

Kabiru Jibiya: Mushe ka kawo misalin da ya yi maka daɗi, ka ɓoye wanda bai yi maka ba. Kodebuwa fa? A gidansu Ikwatoriyal Gini ta lallasa su 4 da 0 a Janairun 2024. Ba su tsaya dogon turanci ba, suka sallami Gasset ana tsakiyar gasa, suka ba mataimakinsa Emerse Faé. Ya fitar da Senegal a fanareti, ya fitar da Mali, ya fitar da Kwango, ya zo ya ci mu a wasan ƙarshe 2 da 1. Ni ɗan Najeriya ne, har yau abin yana mini ciwo. Chelsea ma haka: Maris 2012 aka kori Villas-Boas, Mayu Di Matteo ya ɗaga Kofin Zakarun Turai. Wani lokaci ƴan wasa sun gaji da muryar mutum ne kawai, ko gaskiya ya faɗa ba ta shiga kunnensu.

Mushe Iliya: Malam Kabiru, na karɓi misalanka, amma ka dubi waɗanda Faé ya tarar a ɗakin canza kaya. Kessié, Haller, Fofana, Adingra. Mutanen da albashinsu ke shiga asusu kafin wata ya mutu, suna kwana a otal, likita na biye da su. A irin wannan wuri in abu ya tsaya, sai ka ce wataƙila murya ce ke bukatar canji. Kuma kar ka manta ba don Maroko ta ci Zambiya ba, da Faé bai ma samu wasan da zai jagoranta ba. Di Matteo kuwa watanni shida bayan kofin aka nuna masa ƙofa shi ma.

Sanusi Kabu-kabu: Kai Mushe, kamar a lakwal muke. Saura ka ce mu fito da alli.

Maman Nafisa: Salamu alaikum ƴaƴana da ƙannena. Ni ba na gane lamba tara ko lamba goma, amma ni ke dafa wa yaran nan abinci in an sa su kwana tare kafin wasa. Shinkafa da wake, wata rana dambu, in an samu hali a sa ɗan nama. Ina da littafin lakwal mai bango shuɗi da nake rubuta bashi a ciki. Tun kafin Maulidi ba a ba ni ko dala ba, sai "Hajiya ki yi haƙuri, Alhaji ya yi tafiya", "Hajiya ki bari a dawo daga Yamai". Mai shinkafa a babbar kasuwa ya daina ba ni sai da kuɗi hannu. Ranar Juma'a da daddare wani yaro cikinsu, ba zan faɗi sunansa ba, ya gama cin nasa ya tsaya yana murza hula, ya ce Inna in da saura ki zuba mini a leda in kai gida, matata ta haihu kwana 9 ke nan. Na zuba masa. Washegari shi ne kuke ta yi wa ihu daga kan benci wai ba ya gudu.

Lawali Zariya: Inna lillahi. Hajiya ki gafarce ni, wallahi ban san haka abin ya kai ba.

Maman Nafisa: Ba komai Lawali. Kai ma don kana son ƙungiyar ne kake jin zafi.

Isuhu Ɗan Gulbi: Na ga maganar ta fara karkata kan biro, to bari in ce wani abu tunda na taɓa zama cikinsa shekara biyu kafin in ajiye. Yana da sauƙi a ce a rushe biro. Wa zai ɗauka? Kun san abin da tafiya ɗaya zuwa Yamai take ci? Sama da kilomita 600 ne, Gidan Rumji, Madawa, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso. Mutum 25 ko fiye, mota zuwa da dawowa, masauki, abinci, magani, firim, wato kuɗin tukuici, in an ci. Ban ma yi maganar Arlit ba, wadda in ka je ka dawo sai ka yi kwana uku ƙugunka bai koma daidai ba. Kuɗin ƙofa kuwa kada ma a yi zancensa. Rabin masu ihun nan ta katanga suke shigowa, ko su ce su ƴan gidan wane ne. An sha tashi wasa abin da aka tara bai biya masu tsaron ƙofa da alli na zanen fili ba. Mutum ɗaya ne ke cire kuɗi daga aljihunsa shekara da shekaru, ba ya samun komai sai zagi. Ranar da ya yi fushi ya janye, ku ne za ku fara zuwa gidansa ba da haƙuri.

Mahamadu Yamai: Yaya Isuhu, abin da ka faɗa a matsayin kariya, shi ne ainihin ƙarar da ake kai ku. Ƙungiyar gari guda kamar Maraɗi, a ce numfashinta yana aljihun mutum ɗaya? In ya tafi Umara a daina cin abinci, in kayansa suka maƙale a iyaka a daina biyan albashi? Ni a nan Yamai nake kallon wasannin gasar ƙasa. Ku dubi waɗanda suka riƙe ta: AS FAN ta soja, AS GNN ta ƴan garda, ta jandarma, ta duwan (kwastan), ta ƴan sanda, Nigelec ta kamfanin lantarki, Sonidep ta kamfanin mai. Kowace tana da gidan da ke tsaye bayanta, kasafi a rubuce, yaro yana wasa yana sa ran ko ya yi ritaya akwai aikin da zai kama. Shi ya sa duk yaron da ya fara haske a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa, kaka ɗaya ce sai ka gan shi a nan. AS FAN ta shiga rukuni a Kofin Confederation a 2010, ta jandarma ma ta shiga a kakar 2021 zuwa 2022. Mu ba mu da soja ko duwan a bayanmu, amma muna da abin da ba su da shi, wato Alhazai. Garin da ake kira cibiyar kasuwancin ƙasa. Me ya hana a tara mutum 20 kowa da abin da zai riƙa bayarwa duk wata, a rubuce, maimakon mutum ɗaya?

Isuhu Ɗan Gulbi: An gwada, ƙanena. Ni da kaina na bi shaguna da takarda. Wani ya ce ƙwallo wasan yara ne. Wani ya ce in kokowa ce a zo a karɓa yanzu. Wani ya ba da buhun shinkafa biyu ya ce a sa sunansa a riga.

Mahamadu Yamai: Da ka je, ka nuna musu lissafin bara? Nawa ya shigo daga hukumar ƙwallo, nawa daga ƙofa, nawa aka samu da aka saki yara zuwa wasu ƙungiyoyi, nawa aka kashe?

Isuhu Ɗan Gulbi: Wannan aikin ma'aji ne.

Mahamadu Yamai: To shi ke nan, ka ba da amsa. Ɗan kasuwar Maraɗi da ke ƙirga kwalin sabulu ɗaya bayan ɗaya kafin a rufe sito, shi za ka ce ya zuba kuɗi a ramin da ba a auna zurfinsa ba? Yaushe rabon da a kira babban taro? Yaushe wa'adin wannan biro ya ƙare? Akwai wanda ya taɓa ganin kundin dokokin ƙungiyar da idonsa a zauren nan?

Sanusi Kabu-kabu: Shiru kake ji, malam ya ci shirwa.

Baba Gola: Maganar kokowa da Isuhu ya kawo, ku tsaya kanta kaɗan. Mi ya sa Alhaji ke ba ɗan kokowa babur ko jika ɗari bai ji ciwo ba? Don a gaban jama'a ake yi. Maroƙi ya kira sunanshi, ya ce wane ya ba da kaza, ɗan kokowa ya amsa hannu da hannu, kowa ya gani. Ba wanda ya shiga tsakani. Hilin kokowarmu ma sunan ɗan kokowa Kantu gare shi, don garin ga ya san darajar wanda ya ɗaukaka shi. Mutanen Maraɗi ba marowata ba ne. Amana ce ba su gani ba. Kuma kada yaran yanzu su zaci ba a taɓa yin ƙwallo a nan ba. A 1983 Jangorzo ta garin ga ta ɗauki kambin ƙasa, shekara mai bi Espoir ta Damagaram ta ɗauka. Lokacin babu wanda ke cewa sai ƙungiyar Yamai. Ina saurayi, na ga yadda ake ruhe shaguna ranar wasa ba don takaici ba.

Kabiru Jibiya: Baba Allah ya ƙara girma. Amma kada a zaci in gwamnati ta riƙe ƙungiya an huta. Mu can Kano Pillars ta jiha ce, ta ci gasar Najeriya sau 4, a 2008 sannan 2012, 2013, 2014 a jere. Duk da haka a 2022 ta faɗa rukuni na ƙasa, tare da Katsina United tamu a kaka ɗaya. Sun dawo a 2023, amma mun ɗanɗana. Don haka ko aljihun Alhaji ko baitulmali, in babu tsari duk kanwar ja ce.

Ɗan Benci: Salam. Ku yi haƙuri ban sa sunana ba, admin ya san ni. Na buga wa ƙungiyar nan kaka uku, har yanzu ina shiga cikin yaran. Lawali, yaron mai ƙafar hagu da kake magana, koci ya rubuta sunansa cikin 11 na farko sau biyu, na ga takardar. Duk sau biyun ana saura awa ɗaya a fita waya ta shigo, aka goge aka sa wani. Wanda ake sawa ɗin akwai mai son a gan shi yana wasa don ana neman kai shi waje gwaji. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba. Na biyu, wasan da aka ci mu 3 a Yamai, daren Juma'a muka taso don a rage kuɗin masauki. Mota ta lalace bayan Ƙonni, muka zauna bakin kwalta kusan awa huɗu cikin sanyi, wasu suka shimfiɗa rigunan atisaye suka kwanta. Mun shiga Yamai rana ta take, muka ci burodi da shayi, ƙarfe 4 aka busa. Minti 30 na farko mun riƙe su. Bayan haka ƙafa ta ƙi. Washegari na ga an rubuta a nan cewa koci bai iya tsara baya ba.

Lawali Zariya: To ai ka ƙara mini hujja ne, ɗan'uwa. Kocin da za a bugo wa waya a goge masa suna ya yi shiru, wannan ba koci ba ne, ɗan aike ne. In yana da zuciya ya ajiye musu aikinsu mana. Kowa ya ci ladan kuturu ai sai ya yi masa aski.

Ɗan Benci: Wane lada? Shi ma yana bin wata 4. Yana da iyali, haya yake. Kuma babu takardar kwantiragi tsakaninsu, da baki aka yi magana a falon wani. In ya tafi yau, wa zai kai ƙara ya karɓi haƙƙinsa?

Mushe Iliya: Nan ne nake ganin Lawali yana da rabin gaskiya, kada mu danne masa ita don tausayi. Ana iya zaluntar mutum kuma a ce aikin nasa ma da gyara. Ƙwallon kwana ba ta bukatar kuɗi, tana bukatar a ce wane ka riƙe wane, wane ka tsaya a turke na kusa, a maimaita har ya zauna. Ni ma na lura ba a yi. Abin da nake ƙi shi ne a kore shi a ce an yi magani. Manchester United ta ishe mu darasi, tunda rabin zauren nan magoya bayanta ne. Ferguson ya ajiye a 2013 da kofin gasar Ingila a hannu. Moyes ko shekara bai cika ba. Van Gaal ya ci Kofin FA a 2016, kwana biyu aka sallame shi. Mourinho, Solskjaer, Ten Hag, kowa ya zo da kirari ya tafi da jakarsa. Kakar 2024 zuwa 2025 suka ƙare na 15. Masu ƙungiyar kuwa, iyalan Glazer, suna nan tun 2005. Shi kansa Ferguson ɗin a 1986 ya zo, bai ɗaga kofin farko ba sai 1990, gasar ƙasa kuwa sai 1993. Da a zauren nan yake, da Lawali ya kore shi tun kaka ta biyu.

Sanusi Kabu-kabu: Mushe don Allah a bar tono mana ciwo. Muna maganar gida ka tafi Ingila ka ɗauko mana wani baƙin cikin.

Lawali Zariya: Ni ɗan Madrid ne, can ba a jira. Ka faɗi, ka tafi.

Kabiru Jibiya: Can ana biyan wanda aka kora kuɗinsa cas kafin ya kai filin jirgi.

Mahamadu Yamai: Tambayar da ba wanda ya yi: in an kore shi gobe, wa zai zo? Koci mai lasisin CAF na kirki ba zai bar inda ake biyansa ya zo inda wanda ya gada ke bin wata 4 ba, labari yana yawo tsakaninsu fiye da yadda kuke zato. Wanda zai yarda ya zo shi ne wanda ba shi da zaɓi, kuma shi ne zai fi saurin amsa wayar nan da Ɗan Benci ya faɗa. Sai mu sake haɗuwa a nan bayan wasa 6 muna neman a kore shi.

Isuhu Ɗan Gulbi: Ku dai yi a hankali. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. In kuka tunkari mutanen nan da ihu a tsakiyar kaka, suka yi zuciya suka watsar, ko kuɗin motar wasa na gaba ba za a samu ba, a ba abokan karawa maki 3 a kan tebur. Faɗuwar da kuke gudu sai ta zo da wuri.

Baba Gola: Isuhu ya yi gaskiya a nan. Ba a hwahe gora ranar tahiya. Ni abin da nake gani, kada a ce a rushe, kada a ce a kora. A rubuta takarda cikin ladabi, dattawa su kai. Abu ukku: a kira babban taro kahin zagaye na biyu a karanta lissahi a gaban kowa, a biya yara da koci da Hajiya ko da rabi ne, kuma daga yau takardar ƴan wasa in koci ya sa hannu ba mai taɓa ta. In an yi wanga, a ba shi wasa 5. Ya kasa, ni da kaina zan raka Lawali mu je mu yi mashi sallama.

Lawali Zariya: Wasa 3, Baba.

Baba Gola: Ciniki muke? To 4, albarka.

Mahamadu Yamai: A ƙara na huɗu: ranar zaɓen sabon biro a ƙarshen kaka, a rubuce. In ba haka ba taron zai zama na shan lemo da addu'a. Kuma ina jin haushin abu ɗaya. A 2019 garin nan ya karɓi wasannin Kofin Afirka na ƴan ƙasa da shekara 20 tare da Yamai, aka gyara sitad, baƙi suka zo daga ƙasashe. Mun nuna za mu iya shirya abu in an sa ido. Me ya sa namu na gida ne kullum ake yi wa riƙon sakainar kashi?

Maman Nafisa: Ni dai in za ku rubuta, kada ku sa sunana a gaba. Ina da ƴaƴa a garin nan, kuma matan gidajensu muna haɗuwa a biki da suna. Ku ce masu abinci kawai. Littafin kuwa yana nan, duk wanda ke son gani ya zo.

Mushe Iliya: Zan rubuta da Hausa da Faransanci, in turo nan kowa ya duba kafin a buga. Amma in mun nemi lissafi daga gare su, mu ma a fara daga kanmu. Mu 200 da wani abu ne a zauren nan. Mutum nawa ke biyan ƙofa?

Sanusi Kabu-kabu: Ni ina da uzuri, mai tsaron ƙofar abokina ne tun muna allo.

Admin: Sanusi, kai ne na farko a jerin masu ba da jika ɗaya.

Ɗan Benci: Jama'a, yanzu wani cikin yaran ya kira ni. Koci bai zo atisayen yamma ba. Ya aiko mataimakinsa da saƙo cewa in ba a ba shi ko wata biyu ba kafin Alhamis, ba zai hau motar Asabar ba. An ce tun safe ya kwashe takalmansa da allon da yake zane a kai daga ɗakin kaya.

Lawali Zariya: Ikon Allah. Muna nan muna shawarar korarsa, ashe shi ne zai kore mu.

Isuhu Ɗan Gulbi: Bari in kira wani a cikinsu in ji gaskiyar maganar. Kada kowa ya kai ta Facebook tukuna, don Allah.

Baba Gola: Mushe, takardar nan ba ta jiran Juma'a ke nan. Ka rubuta da daren ga. Gobe bayan isha'i a hwadata, ƙohwar gida, duk mai zuwa ya zo. Lawali, kai ka san gidan kocin?

Lawali Zariya: Na sani Baba, bayan tashar mota ne. Amma ni zan je? Jiya fa da bakina na yi masa ihu, kuma ya waigo ya gan ni.

Baba Gola: Kai za ka je, Sanusi ya kai ka. Ka ce mashi Baba na kira. Ku biya ku sayo sikari, nawa ya ƙare.